Hasumiyar da Mizhir Ya Yi Ta Yaɓewa

Mizhir mai hawan dabino ya shekara talatin da ɗaya yana gardama guda da matarsa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kayar da ita ba. A kan hasumiya suke yin ta.

Labarin kansa ba a ja a kansa, kowa a ƙauyenmu da shi aka yaye shi. Sarki Lamarudu ya ƙoshi har ƙasa ta yi masa kaɗan, ya ce a gina masa hasumiya ya hau ya leƙa sama. Ana tsakiyar gini Allah ya birkita harsunan magina, mai neman tubali a miƙo masa ruwa, mai neman ruwa a miƙo masa igiya, har kowa ya yar da abin hannunsa ya kama gabansa. Sarkin kuwa sauro ɗaya ya shige masa hanci ya gama da shi. Abin da ake ja shi ne inda aka yi ginin.

Nashmiyya, matar Mizhir, 'yar Birs ce, can bayan birnin Hilla, inda wani tsagin gini yake tsaye a kan tudu kamar an babbake shi, ana hango shi tun daga nesa. Mutanen Birs sun ce tasu ce hasumiyar, kuma duk baƙon da ya zo da mota can ake kai shi ya ɗaga kai ya saki baki. Mu kuwa da muke jingine da kufan Babila, abin nunawarmu shi ne Sahan: ƙaton kududdufi mai kusurwa huɗu, da tudun ƙasa a tsakiya, kacala ta kewaye shi, kwaɗi sun mai da shi gidan gado. Wa zai hau mota ya zo kallon rami?

In magariba ta yi, kwaɗi suka ɗauka, sai Nashmiyya ta karkata kunne daga bakin tanderu, ta kira mijinta da alkunyarsa, wato uban Falih, babban ɗansu.

"Abu Falih, tashi ka amsa. Fadawan hasumiyarku sun fara kirari."

"Ke dai kula da gurasarki kada ta ƙone, 'yar Birs. Taku ɗin mece ce? Haƙori ɗaya a bakin tsohuwa."

"Ko ɗaya ne dai ana ganin sa. Taku fa? Sai mutum ya tuɓe takalmi ya naɗe riga kafin ya hau ta."

Daga nan kunnuwan Mizhir sukan yi ja, ya hau tura loma. Kuma ba rashin amsa ba ne. Amsar tana nan cikin gidansa, taku goma daga tanderun, amma an ɗaure masa baki.

Ga yadda abin yake. A zamanin kakansa Hantush, haƙar tubali sana'a ce kamar kowace. Mutum ya kora jakunansa zuwa kufai, ya ɓamɓaro ƙonannun tubalan mutanen da, faffaɗa masu kusurwa huɗu, da baƙar kwalta manne a jikinsu, ya kai Hilla a yi gini. Haka aka yi ta kwasa har Sahan ya zama rami, ruwa ya tsattsafo. Hantush ya zaɓi masu kyau ya gina wa kansa ɗakin baƙi, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Da ya zo daidai inda baƙi suke jingina baya, sai ya jera tubalan a tsaye, fuskarsu waje, don ya ga wani zane a jikinsu kamar sawun kaji a kan laka, ya ba shi sha'awa. Shi ado ya ɗauke shi.

Ɗansa ne, mahaifin Mizhir, ya ga zamanin da gwamnati ta zuba masu gadi a kufai, aka ce duk abin mutanen da na hukuma ne. Ya rufe ƙofa ya yaɓe bangon tsaf da farar ƙasa. Ranar da zai rasu ya kama hannun Mizhir.

"Kada idon ma'aikacin gwamnati ya faɗa kan bangon nan. Rushe ɗakin za su yi, su kwashe shi zuwa Bagadaza. Kada ka gaya wa kowa, ko matarka. Rubutun ma wa ya sani, ko tsafin Lamarudu ne."

Mizhir ya ce ya ji, kuma ya riƙe. A ɗakin nan aka raɗa masa suna, a nan aka yi zaman makokin ubansa, a nan kuma ake sasanta rigimar ruwa tsakanin masu gonaki. In aka ce zai rasa ɗakin, gara a ce ya rasa ƙafa ɗaya.

Ƙafa kuwa ita ce jarinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake hawan dabino, tafin ƙafarsa ya zama kamar fatar takalmi, ƙaya tana shiga ba ta samun kowa a gida. Da bazara yakan cusa furen dabino namiji a gaban rigarsa, ya zarga igiyar hawa a ƙugu, ya bi itatuwan mata ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu. Da kaka ya koma ya sauko da nonnan dabinon da igiya, a hankali, ba ya yarda ko ƙwaya ta bugu. Yana hawa yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, kuma bai damu ba. Daga can sama yakan hango Sahan gaba ɗayansa, kusurwoyinsa huɗu daidai wa daida, da wata doguwar wutsiya da ta miƙe ta kudu. Sai ya buga ƙirji ya yi wa na ƙasa ihu:

"Ni na fi Lamarudu! Kullum ina hawa sama, kuma da ƙafata nake saukowa!"

Matsalarsa ɗaya ce, gishiri. Ƙasarmu gishiri gare ta, yana bin bango daga ƙasa yana tura yaɓe waje. Saboda haka kowace shekara, in ya gama da dabino, iska ta bushe, Mizhir yakan kulle kansa a ɗakin baƙi yini guda. Ya kankare tsohon yaɓe, ya ɗan tsaya yana kallon sawun kajin nan, ya mai da sabo. In ya fito fari fat har gashin ido, Nashmiyya takan dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ango," ta wuce abinta.

Haka aka yi ta tafiya har 'yarsu Sabiha ta girma ta zama malama a makarantar 'yan mata ta Hilla. Can ta haɗu da wani malamin lissafi mai suna Munzir, dogo, mai kunya, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi haƙuri. Matan gidansu suka zo suka ga Nashmiyya, aka fahimci juna, aka sa ranar da maza za su zo neman aure. Mizhir ya yi murna ƙwarai, har ya tambayi wa zai jagoranci tawagar, tunda mahaifin yaron ya rasu.

"Baffansa ne, Yaba," in ji Sabiha, don haka take kiran mahaifinta. "Dakta Nazim. Ai ka san shi, mai malafar nan da yake aune-aune a Sahan."

Shayin da ke bakin Mizhir ya bi ta wata hanya. Ya san shi mana! Shekara shida yana hango malafar nan daga saman dabino, tana zagaya kududdufi da igiyar awo, kuma shekara shida yana sauya hanya in ya gan ta. Babban ma'aikacin kayan tarihi, mutumin da aka ce yana karanta sawun kaji kamar jarida, shi ne zai zo ya zauna a ɗakin Hantush. Kuma wurin babban baƙo sananne ne, can ƙurya, baya a jikin bangon nan.

Ya fara neman hanya. Ya ce wa Nashmiyya me zai hana a yi zaman a gona, ƙarƙashin dabino, ga iska.

"A cikin sanyin nan? Akuya za ka sayar ko 'ya za ka aurar?"

"To gidan ƙanena."

"Uban yarinya yana raye, da ɗakin baƙinsa da ya fi na kowa, a je aron ɗaki? Sai dai in bayan raina."

Har ya raya a zuciyarsa ya ce bai amince da auren ba, kowa ya huta. Da safe ya fito da maganar a bakinsa, sai ya tarar da Sabiha tana kwaɓa gari tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana murmushi ita kaɗai. Ya tsaya, ya haɗiye maganar, ya ji kunyar kansa ta kama shi. Ya ɗauki buhu ya tafi sayen farar ƙasa.

Nan ne tsoro ya sa shi yin abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Tsakiyar hunturu ne, lokacin ruwan sama a ƙasarmu, an kwana uku ana ruwa, bango ya sha ya ƙoshi. Ana gobe baƙi za su zo ya kulle ƙofa, ya kwaɓa farar ƙasa, ya lafta ta a kan tsohon yaɓe, kauri biyu, don kada ko inuwar zane ta fito. Nashmiyya ta buga ƙofa.

"Abu Falih, yaɓe a kan jiƙaƙƙen bango? Ba zai kama ba fa."

"Ku mutanen Birs me kuka sani a gini? Naku ma tsagewa ya yi."

"To. Allah ya ba da sa'a."

Washegari bayan la'asar motoci biyu suka tsaya. Dattawan ƙauye sun riga sun cika gefe ɗaya na ɗakin, an hura gawayi a kasko har biyu saboda baƙin birni, ɗakin ya ɗauki zafi. Dakta Nazim ya shigo, gajere, mai tumbi, da kwat da tabarau, yau ba malafa. A bakin ƙofa ya ɗan dakata, ya shafa kaurin bangon, ya ja iska ta hanci. Mizhir ya kafa masa ido. Amma mutumin ya yi sallama kawai, aka kai shi ƙurya, ya zauna ya jingina da matasai ukun da Mizhir ya jera masa.

Falih, babban ɗan gidan, ya zuba gahawa ya miƙa. Dakta ya karɓi finjalin ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba, kamar yadda ake yi. Mai neman aure ba ya shan gahawar gida sai an biya masa buƙata. 

"Sha gahawarka, Dakta," in ji Mizhir.

"Ba za mu sha ba, Abu Falih, sai mun faɗi abin da ya kawo mu." Ya gyara zama, ya ture matashi ɗaya da ya tokare shi, ya mai da bayansa jikin bango da dukkan nauyinsa. "Mun zo gidan mutunci, muna neman..."

Ƙas! Sai kuma rugum.

Zafin gawayi ya busar da fuskar yaɓen, cikinsa kuwa ruwa ne. Falle guda mai faɗin tabarma ya saki bango, sabo da tsoho gaba ɗaya, ya zubo a kafaɗun Dakta Nazim. Ƙura ta tashi, dattawa suka hau salati, ango Munzir ya miƙe tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa. Da ƙurar ta lafa, ga tubalan Hantush a jere, goma sha ɗaya, kowanne da sawun kajinsa, sun fito fili kamar yau aka jera su.

Dakta ya juya. Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat ya mayar. Sai ga babban mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya ba jama'a baya, yana bin zanen da ɗan yatsa, leɓensa yana motsi. Ya manta da gahawa, ya manta da ango, ya manta da abin da ya kawo shi.

"Ammi," in ji Munzir a hankali, wato baffa. "Ammi, maganar..."

"Yi mini shiru, kai."

Mizhir ya ga ta ƙare. Ya tashi tsaye.

"Dakta, kakana ne ya ɗebo, ubana ya rufe, ni na yi ta rufewa. Yarinyar nan ba ta san komai ba. In ɗauri ne ga ni. Amma don girman Allah kada a rushe ɗakin nan."

Dakta ya waiwayo, gashinsa fari da ƙura.

"A rushe? Wa zai rushe?"

"Gwamnati."

Mutumin ya zauna daɓas a kan ɓaraguzai ya fashe da dariya, har tumbinsa yana rawa.

"Abu Falih, in muka ce za mu bi tubalan Babila mu ƙwato, rabin Hilla a waje za su kwana, har da gidan surukata. Tun daga ƙofa na san da me aka gina ɗakin nan, ƙanshin kwaltar ma ya isa. Abin da ban sani ba shi ne akwai wanda ya jera su fuska waje. Zan rubuta cewa suna nan, kai ne mai tsaronsu, shi ke nan. Ruwa bai taɓa su ba, gishiri bai ci su ba. Wa ya adana mana su haka?"

"Yaɓe ne," in ji Mizhir, kamar mai amsa laifi.

Wani dattijo mai suna Hajji Gati ya yi gyaran murya ya ce, to tunda abin haka ne, shi ma dai akwai wasu 'yan ƙalilan a ƙarƙashin turken saniyarsa. Na kusa da shi ya ce nasa a bakin rijiya suke. Kafin ka ce me, duk ɗakin ya amsa laifi. Kowa ashe ya shekara da shekaru yana ɓoye wa maƙwabcinsa abin da maƙwabcin yake ɓoye masa.

"To me aka rubuta?" in ji Mizhir. "Tsafin ne?"

"Suna ne kawai. Nabukadnasar sarkin Babila, ɗan wane, mai hidimar ɗakunan bauta. Kamar yadda kake sa alama a buhun dabinonka. Haka ya buga a tubali dubu dubbai."

"Lallai bawan Allahn nan yana tsoron a manta da shi," in ji Hajji Gati.

Dakta ya tambayi daga ina Hantush ya ɗebo su. Mizhir ya ce daga kudancin Sahan, gefen doguwar wutsiyar nan, haka ubansa ya gaya masa, kuma in aka yi ruwa ana ganin layinta sarai daga saman dabinon Hajji Gati. Idon Dakta ya kawo ruwa.

"Matakalar hasumiyar ke nan. Shekara shida ina cikin laka da kwaɗi ina neman wanda zai ce mini ga abin da aka cire daga ina. Ashe hasumiyar tana nan, ana shan gahawa a cikinta." Sai ya tuna, ya dubi finjalin da ƙura ta rufe. "Af! Yanzu buƙatata ta zama biyu. Sabiha ga ɗanmu Munzir, ni kuma a bar ni in zo in kwafi bangon nan."

Jinin Mizhir ya dawo jikinsa, har ya yi yawa. Ya gyara ƙyallen kansa, ya dubi ƙofar cikin gida, inda ya san mata suna tsaye a baya sun kasa kunne.

"An ba ku duka biyun. Amma ni ma da tawa. Ka faɗa da ƙarfi, yadda na bayan ƙofa za su ji. Hasumiyar Babila, Sahan ce ko ta Birs?"

"Ta Babila dai Sahan ce, wannan ba shakka. Ta Birs ita ma hasumiya ce ta gaske, amma ta wani birni dabam. Shi kuwa Lamarudu, gaskiya ban taɓa cin karo da sunansa a tubali ba, nan ko can."

"Kun ji!" Mizhir ya daka tsalle kamar yaro. "Kun ji ko!"

Daga bayan ƙofa murya ta fito, ba ta ko ɗaga ba.

"Mun ji. Tamu dai tana tsaye inda aka gina ta. Taku kun kwashe a kan jakuna."

Ɗaki ya kwashe da dariya, Dakta har da buga cinya. Falih ya zuba sabuwar gahawa, aka sha, aka karanta Fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida, aka shigo da ruwan zabibi. Ango ya sumbaci hannun Mizhir ya tashi da farar ƙasa a hanci.

Da baƙi suka tafi, rana tana shirin faɗuwa, Nashmiyya ta shigo da tsintsiya. Mizhir yana zaune gaban bangon ya miƙe ƙafa, fuskarsa kamar an ba shi gonar dabino kyauta.

"To 'yar Birs, kin gani da idonki. Shekara talatin da ɗaya amsar tana hannuna."

 Ta jingine tsintsiya, ta durƙusa wajen tubali na ƙarshe, can ƙasa kusa da kusurwa. A gefensa akwai 'yan ramuka huɗu a jere, inda wani mai buga tubali na da ya ɗaga shi tun yana ɗanye, yatsunsa suka nutse, wuta ta ƙone shaidar ta zauna. Ko dubawa ba ta yi ba, ta zura yatsunta huɗu, suka shige daidai.

"Shekarar da na haifi Falih," ta ce, "ka kankare bango ka fita shan ruwa, ka manta ba ka ja ƙofa ba."

Mizhir ya saki baki.

"Kin sani? Tun lokacin? To don me kika yi ta gasa ni kowace magariba?"

"Don in ga kunnuwan nan sun yi ja." Ta zare yatsunta ta goge a zane. "Kullum sai in ce yau zai fashe, yau zai ja ni ya nuna mini. Sai in ga ka haɗiye, ka tura loma, don wata magana da na ji ka yi da mahaifinka ranar rasuwarsa. Mutumin da zai yarda mace ta kayar da shi shekara talatin da ɗaya a kan ya saɓa alkawari, ni kuwa ina son kallon sa. Shi ya sa."

  Mizhir ya matsa ya gwada nasa yatsun a ramukan, suka ƙi shiga, hawan dabino ya kumbura su.

Can wajen Sahan kwaɗo ɗaya ya fara, sauran suka amsa. Nashmiyya ta ɗauki tsintsiyarta, ta karkata kunne.

"Abu Falih."

"Na ji su," ya ce, yana dariya yana share ido da bayan hannu. "Faɗi abinki."

Ragowar farar ƙasar ya ba Hajji Gati ya shafe turken saniya. Bangon nan bai sake yaɓe shi ba.